Lallen da Na Ƙunsa wa Tukwanen Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je biki a matsayin babbar baƙuwa ba, ni da kaina na naɗa kaina.

Tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Mairuwa muka dawo Faskari, sana'ata wanke-wanke a gidajen masu hali. A ƙauye ina da ɗakina da awakina, in ana sha'ani da ni ake shawarar tuwo. A gari kuwa sunana "baiwar Allah". Ban ga laifin kowa ba, mun yi yawa, wa zai tsaya riƙe sunayenmu?

Wata Laraba ina ɗauraye kwanuka a gidan wata Hajiya da za ta aurar da ɗiyarta, ana ta rabon goron biki. Hajiyar ta zo wucewa ta miƙo min goro da minti, ta ce, "Ran Assabar ki taho da wuri."

To mu a wajenmu ba a ba da goron biki a banza. Wanda aka ba an gayyace shi ke nan, zai zauna bisa tabarma a ajiye masa kwano. Na ƙulle goron a bakin zane, na kasa ci don murna. Rabon da wani ya gayyace ni wani abu har na manta. Na ari mayafi wajen maƙwabciyata Larai, na sa ta ƙunsa min lalle hannu da ƙafa (mace da jikoki, me ya kai ni?). Larai ta ce, "Yaya, kin tabbata zama anka ce ki yi?" Na ce mata hassada ba ta da kyau.

Ranar Asabar na rambaɗa kwalli na isa. Na yi sallama, na kutsa tsakiyar tabarma cikin matan da suka sha leshi, ina ta "Allah ya sanya alheri" kamar da ni aka yi baiko. Wata ta tambaye ni ko dangin ango ce ni, na ce a'a, ta wajen amarya ce (ku ji ƙarfin hali). Aka dire mana farantin shinkafa da kaji. Na wanke hannu a hankali don a ga lallen, na kai loma baki.

Sai muryar Hajiya a kaina: "Ke baiwar Allah! Mi kika zauna yi nan? Tun safe nike nemanki, tukwane na can baya sun taru!"

Na janye hannu daga farantin. Na miƙe ina jiran a sheƙe da dariya. Babu wadda ta yi. Ta kusa da ni ta baje cikin wurin da na bari, ta jawo farantin gabanta. Wadda ta tambaye ni dangin ango ta miƙo min kofi ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Tafi da wannan ma." Hira ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Na ninke mayafin aro na ɗora bisa katanga, na durƙusa da toka da soso har la'asar. Lallen dai ya kama, ya yi ja wur, tukwane sun shaida. Na yi kuka kaɗan, amma ga hayaƙin murhu a gefe, shi na ɗora wa laifin.

Na daɗe ina sauya hanya in na hango matan nan a unguwa. Ran nan muka yi kiciɓis da wadda na zauna kusa da ita, babu wurin ɓuya. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ko kin san mai wanke-wanke? Muna da suna jibi."

A nan na gane ashe ita kunyar ma sai wanda ake gani. Irinmu in muka tsaya jin ta, kanmu kawai muke wahalarwa. Na ce mata na san wata, za ta zo da wuri.