Kunyar Suruki a Doron Dutse

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi mahaifin Rukayya hawan dutse ba. Ko na so in manta, danginta ba su da niyyar bari na.

Lokacin ina neman aurenta, shi kuma ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Likita ne da ya yi ritaya, ya daɗe a unguwar Barking ta London har ya kwashi cutar nan ta Turawa ta yawo cikin duwatsu ba gaira ba dalili. (Ni dai ban ga abin da zai sa mai gida da kujera ya tsufa yana neman wahala da ƙafarsa ba.) Rukayya ta kira ni ta ce, "Baba ya yi booking, ranar Asabar za ku Wales hawan dutse. A can zai yanke shawara, don Allah kada ka ba ni kunya."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni da aka yi wa tarbiyya a cikin birnin Kano, ai na san abin da dattijo ke dubawa. Ba a cin abinci a gaban suruki, ko ruwa ba a kurɓa. Sai na shirya dabara: na cusa kilishin da na sayo a unguwar Peckham cikin jaka, in yunwa ta taso in ce zan zaga, in laɓe bayan bishiya in cika cikina.

Ashe babu bishiya. Wallahi ko ɗaya. Siririyar hanya ce a kan doron dutse, rami dama rami hagu, iska tana neman cire wa mutum riga. Duk inda ka tsaya ana hango ka tun daga nesa. Tumakin wurin ma a fili suke yin komai nasu.

Baba kuwa yana tafe yana tauna. Ya miƙo min burodi da kifi, na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi Baba, na ƙoshi." Ya miƙo shayi, na ce na ƙoshi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka yi breakfast kuwa?" Na ce sosai. (A motarsa muka taho tun asuba, a ina zan yi?) Har raina shi nake a zuci, ina cewa dubi dattijo guda yana ɓare ayaba a gaban mai neman 'yarsa, London ta gama da shi.

Bayan azahar yunwa ta ci ƙarfina. Na ɗaga kai na ga Baba ya zama biyu, alhali ɗayan ma ya ishe ni. Na durƙusa, na rarrafa, daga nan ban san inda nake ba.

Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyarsa. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗaga ƙafafuna sama, masu wucewa sun yi cirko-cirko, shi kuma yana tura min dabino a baki da yatsunsa. Ni da na ƙi yarda a ga bakina yana motsi! Na cinye dabinon, na cinye burodinsa, na bi da biskit ɗin tsohuwar, ina ci hawaye na zuba. Garin neman abin da zai lulluɓa min ya zuge jakata, sai ga kilishi.

Ya ɗaga shi sama ya ce, "Kana da wannan kake neman mutuwa a hannuna?"

Na ce, "Kunya ce, Baba."

"Kunya? Saura kaɗan in kira helicopter. Wannan wauta ce da aka yi wa tarbiyya."

Haka muka juya ba mu kai ƙololuwa ba, tsoho mai furfura yana ɗauke da jakarsa da tawa, ni ina bin sa kamar ragon da aka sayo. Na riga na fara tunanin yadda zan yi wa Rukayya sallama, sai da muka kusa shiga London ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Zan ba ka ita. Ba don ka burge ni ba. Na dai ga in ba a haɗa ka da mai hankali ba, ba za ka kai baɗi ba."

Na ce na gode, me zan ce?

Abin da na koya shi ne, kunyar suruki a zaure take da kyau, inda akwai ƙofar fita da tukunya a cikin gida. In kuwa ya kai ka saman dutse ya miƙo maka burodi, ɗan'uwa, karɓa hannu biyu, ka tambaya ko akwai ƙari.