Idan Ribas Ta Ƙi Shiga Ga Gawa a Bayan Mota

Kai mai tsohuwar mota, matso kusa. In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari ko a gaban mutum ɗari biyar ribas ta ƙi shiga, za ka fita da mutuncinka, har a raka ka da godiya. An gwada an gani. Yaw Frimpong ne ya gwada, wata Asabar a garin Nsuta, da motar ɗaukar gawa da ya sayar da filinsa ya saya. Aikinsa na farko ke nan, kai gawar dattijo Opanyin Adubofuor makabarta. In ya ji kunya ranar, daga nan har Kumasi babu dangin da za su sake ba shi gawa.

1. Shiga da ka

Direban da ya san motarsa da baya yake shiga gida, don fita ta yi sauƙi. Kai kada ka yi haka. Cusa hancin motar cikin tsakar gidan dangi kamar yadda Yaw ya yi, kana jiniya, mata masu kayan makoki baƙi da ja suna darewa. Bango gaba, rumfa dama, makaɗa hagu. Ai babbar mota ba ta shiga a ɓoye.

2. Taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku

An sa akwati, an rufe ƙofa. Taka kuloci sai ya taɓa ƙasa, ka jira ƙarafan ciki su daina juyawa, sannan ka ja giya. Wannan shawara ce ta gaskiya, kuma sau tara cikin goma tana aiki. Yaw na goman ya samu.

Ƙarrrr!

Makaɗa suka tsaya. Ya sake ja. Ƙarrrr! Kamar ana niƙa tsakuwa.

3. Kada ka kalli giyar

Wanda ya kalli giya ya amsa laifi. Kwarteng, ɗan ƙanwar mamaci, wanda gado ya faɗo wa bisa al'adarsu, ya taho yana gyara mayafinsa a kafaɗa.

"Direba, mota ka kawo mana ko injin markaɗe? Minti biyu na ba ka. In ba haka ba a sauke kawuna, na kira wata."

Gumi ya karyo wa Yaw har cikin takalmi. Ya ga filinsa, ya ga fuskar matarsa. A nan ne za ka yi abin da ya yi: juya a hankali ka ƙura wa akwatin ido.

4. Ɗora wa wanda ba zai musa ba

"Maigida," in ji Yaw, murya ƙasa-ƙasa, "motar nan lafiyarta ƙalau. Tsoho ne ya ƙi tafiya."

Can wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. "Na faɗa! Tun da aka ɗaga shi na ga ya yi nauyi!"

Ka lura, mamaci shi ne shaidan da ya fi kowa riƙon amana. Ba a taɓa jin ya tashi ya ce man kuloci ne ba.

5. Bari a roƙe shi, kai kuma ka ci gaba da gwaji

Za a kawo kwalbar barasa, babban dangi ya sauke mayafi ya tsiyaya a ƙasa yana kiran sunayen kakanni. Jerin yana da tsawo, ribarka ke nan. Mai da giya firi, saki kuloci, sake takawa, ja. Yaw ya yi haka a kan kaka na huɗu, ya yi a kan na tara. Ƙarrrr. Tsoho dai ya kafe, Kwarteng kuma ya fara laluben waya.

6. Ji tsoron matar mamaci

Tun kafin ka karɓi aiki, tambayi sana'ar marigayi. Yaw bai tambaya ba. Shekara talatin Opanyin yana jan babbar mota kafin ya koma gonar koko, kuma matarsa Maame Pokuaa tana gefensa. Ta taho tana rusa kuka, ta kifa kai a tagar direba kamar za ta suma.

"Wayyo mijina!" Sai ta rage murya. "Ɗana, wa ya koya maka tuƙi, mai tura baro? Sa ta a lamba ɗaya, bari ta ɗan motsa gaba taki guda, haƙoran su daidaita, sannan ka ja baya."

"Maame, Allah ya saka..."

"Rufe min baki. Ba yanzu ba. Sai ka ga na fyace hanci."

7. Jira alama

Maame ta juya ga taro. "Ni na san abin da ya riƙe shi. Kwarteng ya ce bayan kwana arba'in in kwashe tukwanena daga gidan gona. Gonar da na dasa da hannuna! Yaya mutum zai tafi bai san inda matarsa za ta kwana ba?"

Ido ɗari biyar sau biyu suka koma kan Kwarteng.

"Haba Maame, wasa fa nake yi."

"Faɗa masa. Ga shi nan kwance."

Kwarteng ya dubi wayarsa, ya dubi dattawa, ya zame takalmi ya dafa motar. "Kawu, gidan gona nata ne har ƙarshen ranta."

Yaw ya kalli Maame. Hancinta a bushe.

"Da rabin kokon," in ji Kwarteng, kamar ana zare masa haƙori.

Maame ta fyace hanci, fyaat! Lamba ɗaya, taki guda, baya. Ƙwal! Motar ta sulale kamar an shafa mata mai. Kiɗa ya ɓarke, tsohuwar nan mai cewa ya yi nauyi ta faɗi ana yi mata fifita.

8. Karɓi yabo da sunkuyar da kai

Kafin a gama rufe kabari, dangi uku sun karɓi lambar Yaw, wai motarsa tana jin maganar matattu. Maame Pokuaa ta ja shi gefe ta cusa masa ƙullin kenke, tuwon masararsu, da soyayyen kifi.

"Man kulocinka yoyo yake. Shi ya sa ba ya sakin giya sosai. Kai wa bakanike."

"Litinin da sassafe, Maame."

"Wace Litinin? Asabar mai zuwa za a binne mijin ƙanwata, kuma nasa magajin ya fi wannan taurin kai. Ka taɓa motar nan kafin ranar, ni da kai ne."

A kula: mai wannan jagora ba shi da hannu in haƙoran giyarka sun zube, ko kakanni suka ji haushin ƙaryar da aka yi da sunansu. In kuwa ka tarar magajin bakanike ne, kada ka ce ka taɓa karanta ni. Fita ta taga, ka bar musu motar.