Adaftar da Na Saya wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin Asabar ɗin da na iske surukina durƙushe a ƙarƙashin tebur, yana kokawa da akwatin ƙarfe saboda ni. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Baba, mahaifin matata Habiba, tsohon injiniyan rediyo ne, yana zaune a unguwar Mando tun da ya yi ritaya. Allah ya ba shi kunne, ya kuma ba shi haƙuri. Ya bi tsofaffin kaset-kaset ɗinsa da faya-fayan garmaho ɗaya bayan ɗaya, ya juye su cikin wata 'yar kwamfuta da ba ta da aikin komai sai kiɗa. Ko allo ba ta da shi, da wayarsa yake zaɓar waƙa. Abin da ya tsone mini ido shi ne akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Baƙi ne, ya fi ta girma, ga nauyi kamar dutsen niƙa, ga ɗumi. Baba yana kiransa "liniya", kuma da hannunsa ya haɗa shi. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani: a ciki akwai ƙaton tiransifoma da ke sauke ƙarfin wuta a natse, sannan a tace ta har ta fito sumul, ba kamar ƙananan adaftocin kasuwa ba da ke daddatsa wuta da sauri su bar tsuwwa a cikin sauti. Na yi ta "haka ne, Baba" (gaskiya hankalina yana kan ƙamshin miyar da ke tasowa daga kicin, ko rabin maganar ban kama ba).

Lokacin ni sabon ango ne, ma'aikacin ofis, wanda ake kira in firinta ta yi gardama. Wannan kaɗai ya isa ya sa na ɗauki kaina masani. Na ce a raina, ga dattijo yana fama da kayan da, alhali Allah ya ba shi suruki ɗan zamani. Na shiga kasuwa na sayo adafta fara sol, 'yar mitsitsiya, ko a aljihu ta shige. Na kai masa, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu.

Baba ya juya ta a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ashe kana tunawa da ni." Nan take ya cire liniyarsa ya jona tawa. Waƙa ta tashi. Na ɗan ji wata tsuwwa kamar ta sauro a bayan kiɗan, amma na ɗora laifin a kan tsufan kaset. Na koma gida Abakpa ina hura hanci, na gaya wa Habiba na hutar da Baba. Ta dube ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari." (Ni a zatona yabo ne.)

Tun daga ranar, duk sanda na je, adaftata ce a jone, liniya kuwa tana can ƙarƙashin tebur an lulluɓe ta da tsumma. Abin da ban lura ba shi ne ban taɓa zuwa ba sai na buga waya tukuna, kamar yadda ya kamaci suruki. Har abokan Baba da ke zuwa sauraro na riƙa yi wa lacca a kan ci gaban zamani. Suka yi ta gyaɗa kai. Ɗayansu ma ya ce, "Lallai Injiniya ya yi dacen suruki." Kaina ya ƙara girma.

Ranar da asirin ya tonu, unguwarmu ta kwana ba wuta, wayata ta mutu, Habiba kuma ta ba ni saƙon dambun nama in kai. Na isa ba sanarwa. Tun daga bakin ƙofa na ji kiɗa, sai da na tsaya cak. Na san kaset ɗin, na bikin sunan Habiba ne da Baba ya ɗauka da kansa, na sha jinsa. Amma ban taɓa jinsa haka ba. Kalangu kamar a tsakar gidan ake kaɗa shi. Da makaɗin ya tsagaita, sai wurin ya yi tsit, can nesa wata mace ta yi dariya ta ce, "Injiniya, ajiye rediyon nan ka zo ka ɗauki 'yarka."

Na yi sallama. Kiɗa ya katse.

"Wa alaikumus salam! Ɗan dakata, ina zuwa!"

Sai na ji ƙiiii, ana jan abu mai nauyi, da nishi. Baba yana da ciwon baya, na zaci faɗuwa ya yi, na manta da kunyar surukuta na faɗa falon. Ga shi nan a kan gwiwoyinsa, hula ta faɗi gefe, yana tura liniya da kafaɗa, adaftata a hannu ɗaya.

Muka kalli juna. Ya ce, "Ƙura nake sharewa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige da dambun gaba ɗaya. Na durƙusa na ce, "Baba, muryar wa na ji yanzu?"

"Uwar matarka ce, Allah ya jiƙanta."

"Na sha jin kaset ɗin nan, ban taɓa jin ta ba."

Ya ce, "Muryarta ƙasa-ƙasa take. Sai wuta ta yi shiru ake jin ta."

"To me ya hana ku gaya mini, Baba?"

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Kyautar farko da ɗa ya kawo, a ce masa ba ta yi ba? Ai kai ɗan lokaci kake yi ka tafi. Marigayiya kuwa ta saba jirana."

Ban san sanda idona ya cika ba. Na sunkuya in ɗauko masa akwatin, na kusa karya nawa bayan (wannan ne abin da dattijon yake ja duk sanda na bugo waya). Ya jona, muka zauna, ya maimaita wurin. Ta sake yin dariyar, ta sake kiransa, ya yi murmushi kamar zai amsa.

Da na koma gida na tuhumi Habiba, ta ce Baba ne ya hana ta faɗa, shi da abokansa duk bakinsu ɗaya. Adaftar tana nan a gidana, ita ke yi wa 'yar fanka caji, aikin da ya dace da ita. Ni dai na koyi darasi: in dattijo yana yi maka bayani, ka rabu da ƙamshin miya. In kuma ya yaba kyautarka da sauri, ka leƙa ƙarƙashin teburinsa.