Yadda Tanimu Ya Zaɓa wa Surukinsa Salansa

Duk wanda ya san abokina Tanimu tela ya san shi da abu biyu: bakinsa ba ya zama banza, kuma kunyar surukinsa yake ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Allah da ikonsa sai ya haɗa masa abubuwan nan biyu a titi ɗaya. Shagonsa yana kan gangaren da ya sauko daga gada zuwa kasuwa, gangaren da babu abin da ba a soyawa ko gasawa a bakinsa. Ga mai tsire, ga mai awara, ga tsohuwa mai ƙosai, can ƙasa kuma mai gurasa. Tanimu ba ya wuce ko ɗaya bai tsaya sun gaisa ba, kuma ban taɓa ganin ya bar wurin gaisuwar hannu rabbana ba.

To, wannan gangaren shi ne hanyar surukinsa, Baba Nomau, mahaifin matarsa Saude, wadda ita ce autar gidan. Baba tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, ya yi ritaya, kuma yana da wani tsohon babur da ya girmi Saude nesa ba kusa ba. Atomatik ne, ba giya ba kuloci, murɗawa kawai kake yi ya tafi. Samari suna masa dariya wai babur ɗin mata ne, Baba kuwa ko a jikinsa, kullum yana goge abinsa har ka ga fuskarka a tanki. Matsalar guda ce: babur ɗin nan ba ya ƙara. Sauran babura tun daga nesa za ka ji suna canza giya suna tari, shi kuwa sai dai kawai ka waiwaya ka gan shi tsaye a bayanka. Shi ya sa mutanen gari suka sa wa babur ɗin suna Muzuru.

Kun dai san mu da suruki. Gara ya tarar da kai kana dambe a tsakiyar kasuwa da ya tarar da kai kana tauna. Tanimu kuwa tun da ya yi aure burinsa ɗaya ne a duniya, kada Baba Nomau ya taɓa ganin muƙamuƙinsa yana motsi.

Ranar farko da abin ya faru ina wurin. Mai tsire ya yanka masa mai ɗumi, ya zuba albasa da yaji, ya naɗe a takarda. Tanimu ya buɗe ke nan, ya kai yanka ɗaya baki, sai muka ji sallama a ƙeyarmu. Muzuru ne. Wallahi ban ga lokacin da hannun Tanimu ya motsa ba. Ya haɗiye na bakinsa bai tauna ba, ya cire hula, ya juye tsiren ciki da albasar da komai, ya mayar kai, ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Duk kafin Baba ya sauke ƙafa ƙasa.

Baba kuma mutum ne mai doguwar gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi keken ɗinki, ya tambayi wani ƙanin baban Tanimu da ke ƙauye da ciwon gwiwarsa. Tanimu yana "Lafiya lau, Baba," mai yana gangarowa ta gefen kunnensa. Da yajin ya iso ido sai hawaye.

Baba ya ce, "Subhanallahi, Malam Tanimu, lafiya? Ko jikin tsohon ne ya tsananta?"

Tanimu ya ce, "A'a Baba, tuna shi kawai na yi."

Baba ya yi masa nasiha a kan haƙuri, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, sannan ya murɗa Muzuru ya sulale. Ni dai ranar dariya ta kusa kashe ni, sai da mai tsire ya ba ni benci.

Daga nan abin ya zama sana'a. Babu abin da bai kwana a hular Tanimu ba, ko ya yi hantsi. Awara ta shiga, ƙosai ya shiga, balangu kuwa kamar gidan ubansa. Rannan kilishi ya tura, hular ta ƙi zama, ta miƙe tsaye a kansa, a haka ya gama gaisuwa yana riƙe da ita da hannu ɗaya wai iska. Wata rana kuma kyanwar mai tsire ta biyo shi har wurin tsugunno tana leƙen kansa tana kuka. Huluna masu tsada, dama Tanimu ɗan gayu ne, duk suka koma warin ƙuli da tattasai. A gida Saude tana wankewa tana mita, shi kuma yana rantse mata cewa haka kansa yake tun yana yaro, mai maiƙo ne, gado ne daga wajen uwa.

Na ce masa, "Kai wai ba za ka daina ci a titi ba ne?"

Ya dube ni kamar na ce ya daina numfashi. Ya ce, "Laifina ne? Laifin babur ne. Wane irin babur ne wannan da ba ya sallama? Da yana da murya irin ta 'yan'uwansa, ai tun daga gada zan ji shi, in gama abin da nake yi, in goge baki, in tare shi da mutuncina."

A nan dabarar ta faɗo masa. Ya shirya, ya sa hular da ba ta taɓa ɗaukar kaya ba, ya ja ni muka tafi gidan Baba. Ya tsuguna a zaure ya marairaice murya, ya ce hankalinsa ba ya kwanciya. Wai titi ya lalace, direbobin yanzu ba sa duba madubi, sai abin da kunnensu ya ji. Wai babur marar ƙara haɗari ne ga dattijo. Wai shi, a matsayinsa na ɗa, ya yi niyyar canza wa babur ɗin salansa, a sa masa mai ƙara, kyauta, don Allah.

Baba ya dube shi yana jan carbi. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam Tanimu. Ba kowane suruki ne yake damuwa da zuwan surukinsa haka ba."

Washegari da hantsi muka hallara a garejin Sallau bakanike, wanda yake can saman gangaren, dab da gada. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar dalbejiya. Sallau ya zagaya Muzuru yana girgiza kai.

Ya ce, "Baba, ni dai a raina ban so ba. Irin wannan salansar ta asali yanzu ko da kuɗinka ba ka samunta. Kuma ka san shi atomatik ba ya canza murya. In aka sa masa mai ƙara, ƙara ɗaya zai riƙe tun daga ƙofar gida har inda za ka, kamar injin markaɗe."

Tanimu ya yi caraf ya ce, "Ita muke so! Wato, ita ce lafiyar Baba."

Sallau ya shiga ciki ya kwaso salansoshi ya zube. Ya ɗauki wata 'yar siririya ya ɗaura, ya tayar. Muzuru ya yi wani ɗan gurnani, kamar yana jin kunyar kansa.

Baba ya ce, "Madalla. Ai wannan ta yi."

Tanimu ya ce, "Baba, a gafarce ni, a nan kusa ne muke jin ta. Bari in gangara can ƙasa in tsaya a matsayin direba. Wannan," ya nuna ni, "sai ya hau ya taho, mu ga daga ina ake fara ji."

Ya gangara. Ina kuka ga direban nan ya je ya tsaya? Daidai teburin mai tsire. Tun a hanya dama ya raɗa mini tsarin: zai sayi tsinke guda a yanka masa, yana jin ƙarar babur zai fara ci, in ya cinye ya goge baki kafin in iso, salansa ta ci jarrabawa. In kuwa na riske shi, ta faɗi.

Na hau na taho a hankali irin tafiyar Baba. Ai har na zo gabansa Tanimu bai ji komai ba, yana tsaye yana kallon naman yana haɗiyar yawu. Da ya ɗaga ido ya ga goshin Muzuru a gabansa, jikinsa bai tsaya tambayar waye a kai ba. Hula, juyewa, mayarwa, tsugunno. Ni ya tsuguna wa, ni da muka yi wasan ƙasa tare!

Na ce, "Tashi, Allah ya yi maka albarka. Ya jikin tsohon?"

Ya zage ni, ya hau baya muka koma.

Ya ce wa Sallau, "Wannan ko mai keke ba zai ji ta ba. Kawo wata."

Aka ɗaura ta biyu, mai ɗan kauri. Wannan kam tana da murya, har kajin garejin suka matsa. Tanimu ya sake gangarawa, na sake tahowa. Na hango shi tun daga nesa yana aiki, hannu na zuwa hannu na dawowa, kumatu sun cika, idanu sun fito. Ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsa ba. Amma da na taka birki saura yanka uku da rabin albasa, su ma suka bi 'yan'uwansu cikin hula.

Muka koma yana haki. Ya ce, "Baba, ta kusa. Ƙaramar mota za ta ji. Amma babbar mota, mai kaya, ba za ta samu lokacin kaucewa ba."

Sallau ya ce, "Wace irin babbar mota ce wannan da ba ta kaucewa?"

Na ce, "Tana nan, Sallau. Kullum cike take."

Tanimu ya taka mini ƙafa. Idonsa kuwa ya riga ya sauka a kan wata salansa da ke jingine a lungu, baƙa, mai faɗin baki, za ka iya tura hannunka ciki har gwiwa. Sallau ya ce wannan ba ta dattawa ba ce, wani yaro mai wasan babur a bikin aure ne ya sa aka ƙera masa, unguwarsu ta taru ta sa ya cire. Tanimu ya ce a dai gwada, gwaji ba ya ɓata komai.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Sallau yana murɗawa kwanon garejin ya ɗauki rawa. Awakin da ke ƙarƙashin gada suka watse, wata mai tallar fura ta dafe ƙwaryarta ta ruga, wani jaki da ke ɗaure ya amsa da nasa. Muzurun da bai taɓa ɗaga murya ba a rayuwarsa, yau ga shi yana tsawa. Na dubi Tanimu, fuskarsa ta cika da annuri kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Ya sake gangarawa, na sake hawa. Wannan karon tun kafin in bar bakin gada ya ji ni. Da na iso ya cinye, ya goge baki, ya sha ruwa, ya yi sakace, har ya fara taya mai tsire hira. Ya rungume ni a tsakiyar titi.

Amma da muka koma gareji sai muka tarar Baba ya ɓata rai. Ya ce, "Haba Malam Tanimu. Ni da furfurata in hau wannan? In je masallaci da ita, in je gaisuwar rasuwa da ita? Maƙwabta su ce Nomau ya tsufa ya koma ɗan tasha?"

Sallau ya ce, "Gaskiya ne Baba. Ni ma ban ba da shawara ba. A mayar da ta asali kawai, kowa ya huta."

Nan da nan Tanimu ya tuɓe takalmi. Ya zube gaban tabarma ya shiga magiya. Ya kawo labarin haɗurran da suka faru da waɗanda ba su faru ba. Ya ce ran Baba ya fi maganar maƙwabta. Ya ce in wani abu ya samu Baba, da wane ido zai dubi Saude? Yana magana rana tana dukan hular, kayan gwaji biyu da ke ciki suka fara narkewa. Mai ya tsattsafo ta goshi, ya biyo ta gefen hanci, wani siririn yankan albasa ya leƙo ta bayan kunne yana lilo. Shi bai sani ba, sai ƙara sunkuyar da kai yake don ladabi, albasar tana ƙara fitowa. Ni na juya baya na kama dalbejiya, don in na kalli Sallau shi ke nan.

Sallau ya gyara murya da ƙyar, sifana a hannu, ya ce, "To Baba, babur naka ne. Wacce za a bari?"

Baba Nomau ya ajiye carbi. Ya dubi salansarsa ta asali da ke kwance a ƙasa, ya dubi baƙar, sannan ya dubi surukinsa tun daga haɓa har tsinin hula.

Ya ce, "Bar babbar, Sallau. Autata ta gaji da wankin hula."