Langar Inna da Kwaltar Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana Hamidu ba, ko da kuwa zan manta sunan unguwarmu.

Ni dai Allah Ya yi ni ba na iya zubar da abu. Bokiti ya tsage, in ɗora wuƙa a wuta in liƙe shi. Ƙwarya ta fashe, in ɗinke. Maigidana yakan ce ko shi ya karye ba za a kai shi asibiti ba, zare zan nema.

To akwai wata babbar langa mai furanni da marigayiya Innata ta bar mini. A cikinta ta yi mana kunu tun muna yara. Da gindinta ya huje sai na ji kamar ni aka huda. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ana ta zuba kwalta a titunan Jalingo. Na je na roƙi ɗan dunƙule wajen masu aiki, na narka, na toshe hujin. Na zuba ruwan randa, ko ɗigo! (Har maƙwabta na kira su zo su ga fasaha.)

Ana gobe suna na je duba 'yata Rabi a gidan mijinta, nan cikin unguwar Sarkin Dawaki, ba nisa da mu. Mutanen gidan 'yan gayu ne, rabinsu ma'aikatan sakatariya. Ta ja ni gefe ta ce, "Mama, don Allah ki ari kula ki zubo kunun. Kin san su."

Na ce, "Kakarki ba ta ga ɗan nan ba, ki bari ko langarta ta zo suna."

Da safe na dama kunun gyaɗa, yana tururi na juye, na ci ado da sabon leshi, na yi gammo na ɗauka. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da wuta ta narka, zafin kunu ma zai narka shi ba. A hanya na ji tsakar kaina na ɗumi, na ce zumuɗi ne.

Ina yin sallama tsakar gida cike da mata, gammo ya gama shan abin da zai iya sha. Kunu ya biyo goshina, ya bi hanci, ya gangara wuya, fari da ratsin baƙi. Ga zafi, ga nauyi, na kasa saukewa, na kasa gudu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ina kwananku? Ina gajiya?" Wata ta ce, "Ikon Allah, Maman Rabi ta zo da ruwan sama!" Na hango Rabi a bakin ƙofa ta rufe fuska da zanen goyo. Wannan ya fi kunun ƙona ni.

Dada, uwar mijin Rabi, tsohuwar Bafulatana ce da nake shakka don ba ta da yawan magana. Ita ta taso ta sauke mini, ta ja hannuna zuwa bayan ɗakinta. Ta sa aka kawo kalanzir, ta zauna tana cire mini kwalta daga kitso da yatsunta, kafaɗunta na rawa don dariya.

Na ce, "Dada, langar nan yau sai bola. Ta ci mutuncina."

Ta juya langar, ta shafa furannin da suka koɗe. "Wannan na mamanka ne ko?" (Haka take Hausarta.)

Na ce e.

Ta ce, "Kai, esam, surukina, mama ba a jefa shi bola. A kai wa maƙeri." Sannan ta ɗaga murya ta ce a kira Rabi ta kawo wa uwarta zane, kuma duk mai sauran dariya ta zo ta yi a gabanta.

Maƙeri ya sa mata faci da ƙusa, ni da Dada kuma muka ƙulle har ta koma ga Allah.

Gyara kam ban daina ba. Sai dai duk abin da na gyara da hannuna, a ƙasa nake fara gwada shi, ba a kaina ba.