Anti Ƙafar Dama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na jefa buhu a bayan mota na nufi wani ƙaramin gidan marayu a Nyanya ba, ina tuƙi ina jin kaina kamar wadda aka riga aka yi wa bushara da Aljanna.

Wata abokiyar aikina a ma'aikata ce ta ba ni lambar Mama Ladi, dattijuwa 'yar Gbagyi da ke riƙon yara goma sha huɗu a gida mai ɗaki uku. Da na kira ta, ta ce abinci dai ana lallaɓawa, takalmi ne damuwarsu. Akwai wata yarinya, Rahila, da aka koro daga makaranta saboda da silifas take zuwa, ga shi ranar Litinin za su fara jarrabawa. Ni kuwa da saurin baki na ce, "Takalma? Haba Mama, buhu guda gare ni!"

Buhun dai akwai shi. Shekara uku yana sito, duk abin da yarana suka gama yayinsa nan nake cusawa, da niyyar wata rana in zauna in tantance. Ban taɓa zama ba. Safiyar ranar ma a gaban madubi na ƙarar da ita, ina gwada mayafin da zai fi fitowa a hoto (har turare na fesa, sai ka ce hoto yana ɗaukar ƙamshi).

Nufina in miƙa buhu, a yi hoto, a sa mini albarka, in kama hanya. Ashe Mama Ladi tana da dokarta. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye.

"Madam, kai zauna tukuna," in ji ta. "Nan gaban mai kaya muke buɗe kaya. Gobe kar wani ya ce Mama ya ɓoye mai kyau ya sayar."

Aka kwance bakin buhu. Takalmin farko da ya fito ya wangale baki kamar zai gaishe mu. Na biyu takalmin ƙwallo ne da babu ƙasansa. Sai safar maigidana, sai wani mai tsini da na yi rawar bikin ƙanwata da shi, sai rimot ɗin talabijin da muka shekara biyu muna zargin juna a kansa. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da na fi samun sauƙi.

Can Rahila ta zaro baƙin sandal na makaranta, kusan sabo. Ta zura ƙafar dama, ya zauna ɗas. Fuskarta ta washe, aka zazzage buhun gaba ɗaya ana neman na ɗaya ƙafar. Ni kaɗai na san ba za a same shi ba, domin da idona na ga autata ta wurga shi ta tagar mota a cunkoson Mararaba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige har da mayafin nawa.

Yarinyar nan ta dube ni, ta ga yadda na yi tsuru-tsuru, sai ta ce, "Anti, kar ki damu. Zan ajiye wannan, in kin sake zuwa sai ki kawo na hagun."

Nan hawaye suka ƙwace mini. Na zo taimako, an koma ana rarrashina.

Mama Ladi ta dafa ni tana murmushi. "Madam, kasuwa bai tashi ba fa." Ta jawo tsintsiya, tana zarar tsinke tana auna tafin ƙafar kowane yaro, ta karya daidai tsawonsa, ta naɗe da 'yar takarda mai sunansa. Da tsinke goma sha uku muka shiga kasuwar Nyanya ni da Rahila, ita kam da ƙafarta ta je ta gwada nata. Ranar Litinin ta rubuta jarrabawa.

Tun daga nan, duk farkon zangon karatu nake zuwa in karɓi tsinkaye, kuma ba ni da hoto ko ɗaya a gidan. Duk abin da zan bayar yanzu, sai na fara zazzage shi a tsakar ɗakina na tambayi kaina ko zan iya zama a buɗe shi a gabana. Sai dai sunan ya riga ya bi ni. Har yau ina faka mota zan ji an kwasa a guje ana ihu, "Mama, ga Anti Ƙafar Dama ta zo!"