Yadda Ake Zaɓen Tsarin CV a Ibadan, Daga Bakin Wanda Ya Shekara Shida Yana Zaɓe

Kai mai neman aiki, matso kusa. Ni ne Akinwumi. Kaf Ibadan babu ofishin da CV ɗina bai kwana ba. Bi matakan nan, na rantse sai an kira ka.

1. Guji tsarin da ke jera shekaru. Wannan tsari ba ya rufa asiri. Da na gwada shi, tsakanin gama jami'a da yau sai ga fili fetal, har a buga ƙwallo a ciki. Baba Oyeleke, mahaifin yarinyar da nake nema, ya juya takardar baya ya ce, "Ɗana, ina sauran? Kawo takardar ɗaukar aiki, sannan mu yi maganar aure."

2. Rungumi tsarin da ke jera gwaninta. Nan ba a tambayar yaushe. Shekara shida ina ɗaukar kwanuka a shagon tuwon amala na mahaifiyata, Mama Mojisola. Na rubuta: "Manajan Rarraba Kaya, Kamfanin Mojisola." Ba ƙarya ba ce, gaskiya ce ta sa kwat.

3. Manna hoto. Ari kwat ɗin ma. Wando ba dole ba ne.

4. In an kira ka, dake. Wani kamfanin magunguna ya kira ni. Shugabar ma'aikata, Madam Adebimpe, ta dubi takarda, ta dube ni, ta sauke tabarau.

"Manaja, wannan Mojisola, ba ita ce ta bakin kasuwar Dugbe ba?"

Na ce, "Hedikwatarmu ke nan, Madam."

"Ashe kai ne ka kifa min miya a takalmi ranar Talata!"

Gumi ya wanke kwat ɗin mutane. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Aikin dai babu. Amma gaya wa Mama, daga Litinin kwano ashirin kullum. Kai za ka kawo."

5. Kada ka raina sakamako. Yanzu kowace rana ina shiga kamfanin nan, mai gadi har sara min yake: "Manaja, an iso?" Baba Oyeleke ya gan ni ina shiga, an sa ranar biki.

Gargaɗi: Duk wanda ya bi shawarar nan ya tsinci kansa da tire a ka, kada ya neme ni. Cewa na yi za a kira ka. Ban faɗi abin da za a kira ka ka yi ba.